Direban da ya tsaya bakin ruwa ba matsoraci ba ne

Sarkin Yamma tana cikin gundumar Madarunfa, a jihar Maraɗi, kusa da kwarin Gulbin Maraɗi. Da rani gulbin yashi ne zalla. Yara suna wasa a cikinsa, amalanke yana ratsa shi, jaki ma ba ya jiƙa kofato. Amma daga watan Yuli zuwa Satumba sai ƙasar ta canza kama. Ruwa ya cika gulbi, ya malala cikin fadamu, ya kwanta bisa hanyoyi. Ran Litinin da ran Juma'a, ranakun kasuwar Maraɗi, motoci da babura sukan taru bakin ruwa, kowa yana tambayar ɗan'uwansa: a shiga ko a jira?

Amsa mai kyau ita ce: ruwan da ba a san zurfinsa ba, ba a shigarsa. Wanda aka san zurfinsa kuma, sannu ake ratsa shi. Wannan magana kowane direba ya san ta. Abin da ke sa ya manta da ita, sau da yawa, bakin mutanen da ya ɗauko ne. Saboda haka darasin nan na direba ne, na fasinja ne, na ɗan lakkol ne kuma, ko da bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Ruwa kwance bisa kwalta

A fara da ruwa ƙanƙane, wanda bai ko rufe yatsun ƙafa ba. Mutane sun raina shi, alhali yana kayar da mota.

Duk wanda ya duba tayar mota zai ga tana da zane-zane masu zurfi. Ba don ado aka yi su ba. Hanyoyin ruwa ne, kamar yadda ake yi wa gida rariya. In taya ta taka ruwa, sai ruwan ya bi ta cikin zanen ya fita gefe, taya ta kama ƙasa. In mota tana gudu ƙwarai, ruwan ba ya samun lokacin fita. Sai ya shiga tsakanin taya da kwalta, ya ɗaga ta. A wannan lokaci mota ba bisa hanya take tafiya ba, bisa ruwa take sulɓi. Direba ya juya sitiyari, mota ba ta ji. Ya taka birki, ba ta ji. Ga taya da ta cinye, wannan yana iya faruwa tun ana gudun kilomita 60 a awa. Shi ya sa a ƙasashe da dama doka ta hana yin aiki da tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1,6 ba.

Ga ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. In ta yi sulɓi na daƙiƙa 3 kawai, ta tafi mita 50 ke nan ba mai iko da ita. Cikin mita 50 ɗin nan ana iya samun amalanke, ko garken awaki, ko yara masu komawa gida daga lakkol. Ko ba a yi sulɓi ba ma, mota bisa jiƙaƙƙiyar kwalta tana bukatar kusan ninki biyu na filin da take bukata kafin ta tsaya bisa busasshiya.

Ruwan farko na damina ya fi kowanne santsi. Ƙura da baƙin mai da suka taru bisa kwalta tun rani sukan haɗu da ruwa su zama kamar sabulu. Hanyar jar ƙasa kuwa, in ta sha ruwa, sai ta koma taɓo mai yauƙi kamar miyar kuɓewa.

Maganin duk wannan guda ne: rage gudu tun kafin a kai ga ruwan. In kuma sulɓi ya riga ya faru, direba ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari daidai, kada ya danna birki da ƙarfi, har taya ta sake kama ƙasa.

Abin da ruwa yake ɓoyewa

Ruwan damina ba garau yake ba. Ja ne ko baƙi, ba a ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Rami mai zurfin taƙi guda da rami mai zurfin gaba guda, daga sama fuskarsu ɗaya.

Direba yakan ce: «Na san hanyar nan kamar tafin hannuna.» Gaskiya ne, ya san ta jiya. Amma ƙasar kwarin gulbi yashi ce, kuma ruwa yana cin yashi cikin dare guda. Yakan rarake ƙarƙashin kwalta ya bar ɓawon sama kawai. Yakan zaizaye bakin kadarko. Yakan kwashe ƙasar da ke gefen mashigin siminti, ya bar rami daidai inda taya za ta bi. Hanyar da aka bi lafiya da safe tana iya zama tarko da la'asar.

Injin mota ma yana da nasa tsoro. Inji yana shaƙar iska kamar yadda mutum yake numfashi. In ruwa ya kai ga kafar da yake shaƙar iska, sai ya zuƙe shi. Iska tana matsuwa, amma ruwa ba ya matsuwa, don haka ƙarafan cikin inji sukan lanƙwashe ko su karye. Mota ta mutu a tsakiyar ruwa, inda ba gaba ba baya. Kuɗin gyaran inji irin wannan ya ninka kuɗin lodin kasuwa guda sau da yawa.

Ruwa yana da nauyi

Wanda ya taɓa ɗauko ruwa daga rijiya ya san ruwa ba wasa ba ne. Lita guda tana da nauyin kilo guda. Bido mai lita 25, kilo 25 ke nan. Bido 40 sun yi kilo 1000, wato tan guda. Ruwan da zai cika akwati mai tsawon mita guda, faɗin mita guda, tsayin mita guda, shi ne tan guda. To, gulbi in ya kawo, akwatuna nawa irin wannan suke wucewa kafin a ƙifta ido?

Ruwa yana tura mota daga gefe, yana kuma ɗaga ta daga ƙasa, kamar yadda yake ɗaga ƙwarya. A ɗauki ƙaramar mota mai tsawon mita 4 da faɗin mita 1,5. Filin cikinta mita murabba'i 6 ne. In ruwa ya hau jikinta da santimita 20, ƙarfin da yake ɗaga ta da shi ya kai kilo 1200. Nauyin ƙaramar mota ke nan gaba ɗaya. Daga nan taya ba ta kama komi, mota ta zama kwale-kwale maras matuƙi.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasar Amurka, inda ake da motoci da yawa, ta daɗe tana koya wa mutanenta lambobi uku. Ruwa mai gudu mai zurfin santimita 15 yana iya kayar da babban mutum. Mai santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota. Mai santimita 60 yana iya tafiya da manyan motoci. Santimita 15 bai kai taƙin babba guda ba. Santimita 30 tsawon rular aji ne. Santimita 60 ya ɗan wuce gwiwar babban mutum. Ruwan Amurka da na Sarkin Yamma nauyinsu ɗaya ne.

Ruwan da ba a ga hadarinsa ba

Gulbin Maraɗi daga Nijeriya yake fitowa. Yana shigowa Nijar ta wajen Jibiya, inda aka yi masa madatsa, ya bi ta ƙasar Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya koma Nijeriya ya haɗu da Gulbin Rima. Ma'anar wannan ita ce, ana iya sheƙa ruwa a ƙasar Katsina, alhali a Sarkin Yamma rana tana haske. Bayan ƴan awoyi sai ga ruwa ya iso, yana ɗauke da itatuwa da karan dawa. Mutumin da ya dubi sama ya ce: «Ai ba hadari», bai dubi inda ya kamata ba.

Mutanen wannan ƙasa sun san ƙarfin gulbi tun kaka da kakanni. A shekarar 1945 ruwa ya ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, har aka tayar da gari aka mai da shi bisa tudu, inda yake yanzu. Ruwan da ya tayar da gari guda, me zai hana shi tayar da mota?

Daminar 2024 ta sake tuna wa kowa. A wannan shekara ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta taɓa mutum wajen miliyan ɗaya da rabi, kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. Ƴan lakkol ba su manta ba, don an ɗage komawa aji daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. A watan Agusta na shekarar, ruwa ya yanke babbar hanya a ƙofar Yamai, motoci suka yi kwanaki ba shiga ba fita. A cikin watan nan ne kuma, a jihar Tawa, ruwan ƙorama ya tafi da motocin ƴan kasuwa, mutum fiye da 50 suka rasu. Kasuwa suka nufa, kamar yadda mutanen Sarkin Yamma suke nufar kasuwar Maraɗi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Bakin fasinja

In mota ta faɗa ruwa, kowa yakan ce laifin direba ne. Lalle yana da laifi, don shi ke riƙe da sitiyari. Amma a saurari abin da ake faɗi cikin mota in ta tsaya bakin ruwa.

Wani ya ce: «Haba direba, ɗan wannan ruwan?» Wata ta ce: «Kasuwa za ta watse ba mu je ba.» Wani kuma ya ce: «Ga motar wane can ta wuce, kai me kake jira?» Daga baya sai a ji mai cewa: «Gobe ba mu shiga motarka.» Direba mutum ne, yana jin kunya, yana kuma tsoron rasa abincinsa. Sai ya sa giya ya shiga. In an fita lafiya, a yi ta tafi, a ce namijin duniya ne. Wanda ya tsaya kuwa, a ce matsoraci ne, bai iya tuƙi ba.

Wannan yabo ya juye. Direban da ya shiga ruwan da bai sani ba, ya fita, sa'a ya yi, kuma sa'a ba ta zuwa kullum. Ya yi caca da ran mutum 18, caca ta yi masa kyau yau. Direban da ya tsaya, ya sauka, ya auna ruwa, ya jure zagi, ya ce ba ya shiga, shi ne ya san aikinsa. Shiga ruwa ba wuya, taka totur ne kawai. Abin da ke da wuya shi ne mutum ya ce a'a ga mota cike da masu fushi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Batun «motar wane ta wuce» ma ba hujja ba ce. Wataƙila waccan ta fi wannan tsayi. Wataƙila ta fi ta nauyi. Wataƙila ruwa ya ƙaru tun bayan wucewarta, ko kuwa tayoyinta sun ƙarasa rarake hanyar.

Uzurin masu gaggawa

Masu gaggawa suna da uzuri, kuma ba duka ne na banza ba.

Ɗan kasuwa yana cewa kayansa za su lalace, ko ciniki ya wuce shi. Gaskiya ne, hasara ce. Amma kasuwar Maraɗi tana ci sau biyu a mako. Wanda ya rasa ta Litinin yana samun ta Juma'a. Wanda ruwa ya ci, ba Litinin ba Juma'a, kuma kayan ma sun tafi tare da shi.

Uzuri mafi nauyi shi ne na maras lafiya, ko mace mai naƙuda da za a kai asibiti. A nan jira yana da ciwo ƙwarai. Duk da haka, motar da ta mutu tsakiyar ruwa ba ta kai kowa asibiti. Abin yi shi ne a nemi wata hanya ko da ta fi nisa, ko a kira mota ta jira a ɗaya gefen, in akwai wurin da manya suka san ana iya ƙetarewa lafiya. Ya fi kyau kuma iyali su yi shiri tun kafin ruwa ya kawo: mace mai tsohon ciki a watan Agusta ta matsa kusa da gidan likita.

Wasu kuma sukan ce: «Abin da Allah ya rubuta ba ya fasawa.» Haka ne. Amma mutanen nan da kansu suna ɗaure jakinsu da dare, suna rufe rumbu, suna kai yaro rigakafi. Hausawa sun ce: Allah ya ce tashi in taimake ka. Hankalin da ake auna ruwa da shi, shi ma kyautar Allah ce.

Ruwan ƙorama kuma ba ya daɗewa. Sau da yawa yakan janye cikin ƴan awoyi bayan an ɗauke ruwan sama. Gulbi ne yakan ɗauki kwanaki. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

In ruwan na ratsawa ne

Ba kowane ruwa ne yake hana tafiya ba. In ruwa kwance yake, ba ya gudu, kuma bai kai rabin taya ba, direban kirki ga yadda yake yi.

Yakan tsaya tukuna ya duba. Yakan sa babban mutum ya auna zurfin da sanda, ya taɓa ƙasan ya ji ko hanya tana nan. Ba a aiken yaro wannan aiki. Yakan tambayi mutanen wurin, don su suka ga lokacin da ruwan ya zo. Yakan jira motar gabansa ta fita sarai kafin ya shiga, don in ta mutu kada ta tare shi. Yakan sa giya ta ɗaya, ya tafi kamar tafiyar ƙafa, ba ya tsayawa, ba ya canza giya. Gudu yana tayar da igiyar ruwa ta shiga inji, yana kuma watsa wa masu tafiya ƙasa taɓo, abin da ba ladabi ba ne. Yakan bi tsakiyar hanya in ba mai zuwa, don nan ne ya fi tudu. In ya fita, yakan riƙa taɓa birki a hankali yana tafiya, har birkin ya bushe, don jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa sosai.

In inji ya mutu cikin ruwa, ba a sake tayar da shi, don haka yake ƙarasa lalacewa. In ruwa yana ƙaruwa, mutane su fita nan da nan. Ƙofa takan ƙi buɗuwa saboda nauyin ruwa, don haka ya kamata a sauke gilashin taga tun kafin a shiga. Rai ake fara fitarwa, yara da tsofaffi a gaba. Kaya sa biyo baya.

Da dare kuwa, ko in ruwa yana gudu, ko in an ga wayar lantarki ta faɗo ciki, ba zancen shiga. Ɗan kabu-kabu da mai keke da mai amalanke, wannan magana ta fi shafarsu, don abin hawansu ya fi mota rashin nauyi.

Rabon gari da na lakkol

Gina kadarko da gyaran hanya aikin hukuma ne, kuma ya kamata jama'a su ci gaba da neman a yi musu. Amma akwai abin da gari zai iya yi ba tare da jiran kowa ba. A kowane mashigi a kafa turaku masu ƙarfi a gefen hanya biyu. A zana musu alama a santimita 15, da 30, da 60. Turakun za su nuna zurfin ruwa, su kuma nuna inda bakin hanya yake in ruwa ya rufe ta. In alama tana magana, gardama tsakanin direba da fasinja takan ragu. Auna santimita da zana lambobi kuwa, aiki ne da ƴan aji biyar za su iya yi tun da rani, tare da malaminsu da iznin mai gari.

Ɗan lakkol yana da wani rabo kuma. Shi ma fasinja ne. Ba ya iya yi wa manya tsawa, kuma bai kamata ya yi ba. Amma yana iya cewa cikin ladabi: «Baba, a lakkol an koya mana ruwa mai tsawon rula yana ɗaukar mota.» Yana iya kama bakinsa in ana yi wa direba ba'a. Yana iya hana ƙannensa wasa cikin ruwan hanya, ko tsayawa bakin kwalta in motoci suna wucewa. Cikin ƴan ajin nan akwai direbobin gobe, akwai ƴan kasuwar gobe. Ranar da mutanen Sarkin Yamma suka fara neman motar direban da aka sani da tsayawa bakin ruwa, ranar ce sauran direbobi za su koyi tsayawa.

Tambayoyi

1. Mene ne amfanin zanen da ke jikin taya?
2. Don me ruwa yake iya cika gulbi alhali ba a yi ruwan sama a Sarkin Yamma ba?
3. Me ya sami garin Maraɗi a shekarar 1945?
4. Kawo abu uku da direban kirki yake yi kafin ya ratsa ruwa.
5. Wane uzuri ne na masu gaggawa ya fi nauyi? Wace amsa aka ba shi?

Lissafi

1. Bido guda yana cin lita 25. Kilo nawa ne nauyin ruwan bido 12?
2. Mota tana cin mita 17 a daƙiƙa guda. Mita nawa za ta ci cikin daƙiƙa 5?

Aiki

A auna santimita 15, da 30, da 60 a jikin bangon aji, a sa alama da alli. Kowane ɗalibi ya tsaya kusa ya ga inda kowace alama ta kai masa a jiki. Da yamma ya tambayi wani dattijo na gidansu wuraren da ruwa yake yanke hanya tsakanin garinsu da Maraɗi, ya rubuto sunayensu.